Wanne Ne Yakutu?

"Gwada ni," in ji Baba. "In na kasa, na bar kasuwa."

Na ajiye masa jajayen duwatsu biyu a faranti, yakutu da sifinel, dutse mai kama da shi amma bai kai shi daraja ba, na ce ya zaɓi yakutun. Shekara arba'in kasuwar duwatsu masu daraja ta garin Mogok na dogara da idonsa, kafin yanar ido ta rufe shi. Shi ya koya mini cewa yakutu launi biyu yake nunawa a rana, sifinel kuwa ɗaya tak.

Ya daɗe yana jujjuya su, sannan ya ɗaga sifinel.

"Ka canka, Baba! Idonka garau!" in ji ni.

Sai ya goga su da juna, don yakutu ya fi tauri. Wanda ya zaɓa ne ya karcu. Ya shafa wurin da farce, ya ture farantin.

"Ashe har na kai a yi mini ƙarya, 'yar nan."