Motar da Ke Ihu a Kan Tudu

A shekarar da mai garejin ya rasu, matarsa ta rasa miji, ta rasa garejin da duk kayan aikin da ke ciki. Abin da ta samu shi ne makullin motar shiga daji guda ɗaya, shi ma riƙo ne kawai kafin a sayar a raba.

Ƙanin marigayin, wanda kowa ke kira Ƙarami duk da furfurarsa, shi ya karɓe garejin tun masu gaisuwa ba su gama watsewa ba. Ya ce 'ya'ya mata biyu da yayansa ya bari ba za su riƙe sifana ba. Yanzu kuma motar yake so a sayar, don gininsa ya kai linta, damina ta ƙarato, babu rufi.

Motar kuwa ba ta wasa ba ce. Shekara goma sha tara marigayin yana yi mata aiki. Ya ƙara mata ganyen sifirin bibbiyu a baya, ya sa shakazoba dogaye, ya ɗaga cikinta har akuya kan wuce ta ƙasa ba ta sunkuya ba. A gaban direba ya dasa agogon zafin inji, da ƙararrawa mai ihu in ruwa ya fara tafasa. Duk a tsakar gida ya yi wannan aiki, matar na tsugune kusa da shi tana miƙo kaya tana mita.

Mai saye na farko ya taya miliyan tara. Har Ƙarami ya miƙa hannu, sai matar yayansa ta ce albarka.

"Ba na sayar da abin da ba a gwada ba, gobe a ce na cuci mutum," in ji ta. "Ku hau da ita tudun masu fasa dutse."

Suka hau. Ba su kai rabi ba allurar agogon ta shige ja, ƙararrawar ta dinga tsala ihu kamar an taka wa kare wutsiya. Mutumin ya kashe mota, ya sauka, ya tari babur.

Ƙarami ya kawo bakanike. Bakaniken ya taɓa lagireto, tankin ruwan inji, ya leƙa mai, ya dubi wayoyin marigayin da suka cukuikuye kamar saƙar gizo, ya sosa ƙeya. Ya ce hannunsa bai ji zafi ba, amma shi ba zai yi musu da agogo ba, wataƙila kan injin ne ya tsage ta ciki. Kafin la'asar maganar ta zaga duk tashar motar garin.

Na biyu ya taya shida. Na uku huɗu. Kowanne sai ta ɗaga hanci ta ce motar mijinta ta fi ƙarfin aljihunsa, sannan ta tura shi tudu. Kowanne sai ya dawo da ihun ƙararrawa a kunne.

"Matar Yaya, a yanke wayar abin nan mana, a huta."

"Aikin hannun yayanka za ka yanke? Fara da wuyana."

Makullin yana ƙulle a haɓar zaninta. Kullum da safe ita ke wanke motar da kanta, ta buɗe bonet ta share ƙurar ciki, kamar amarya ake jira. Ƙarami ya daina cin abinci sosai. Duk sanda ya wuce gininsa sai ya ɗaga kai ya dubi hadari.

Ranar da ruwan farko ya zubo ya narkar masa da buhun siminti shida, Ƙarami ya zo da mai sayen tsohon ƙarfe. Wannan ba ruwansa da tudu, sikeli ya sani: dubu ɗari bakwai. Awa biyu tana ja da shi har ta kai shi ɗari bakwai da hamsin. Da ta ji da wuta za a yayyanka motar, sai ta ce ta fasa.

Nan Ƙarami ya fashe. Ya ce ta riƙe mushen motar a matsayin rabonta da na 'ya'yanta, ta cire bakinta daga gareji har abada. Ta ce bai isa ba, sai ya haɗa da babban jak da akwatin sifanu. Ya ce ta kwashe. Aka tara manyan gida, aka rubuta takarda, aka karanta mata sau biyu, ta dangwala yatsa. Ya fita yana jin ya sauke dutse daga kai.

Bayan kwana goma yana kan babur a gindin tudun, sai ga motar ta wuce shi, maƙare da bututan masu haƙar rijiyar burtsatse, wani baƙo a sitiyari. Ya bi ta har ƙoli. Ko tari ba ta yi ba.

Ya tarar da matar yayansa tana shanya a tsakar gida.

"Wane bakanike ne ya gyara ta?"

"Gyaran me, mijina? Lafiyarta ƙalau tun ranar da aka binne yayanka." Ta matse zani ta yarfa shi a igiya. "'Yar na'urar da ke jin zafin ruwa ce na kwance na ɗaure a jikin bututun hayaƙi ranar da ka karɓe gareji. Da tawada ta bushe a yatsana na mayar da ita mazauninta. Masu rijiya sun taya miliyan takwas, na ce albarka har sau uku, na sallama a sha ɗaya da rabi."