Motar da Ke Gurfana Ranar Asabar

Ranar Asabar, 14 ga Yuni, 2014, an wayi gari da yayyafi da ɗan sanyi, wani tsohon malamin lissafi ya fito ya tarar motarsa ta gurfana ta baya, gefen hagu, kamar raƙumi yana jiran kaya. Motar ta tsufa, kuma ba sifirin ke ɗauke da ita ba, jakunkunan roba ne cike da iska, ɗaya a kowace ƙafa, da ɗan famfon da ke hura su idan an tayar da inji. Asabar ta huɗu ke nan yana ganin haka. Da yake mutum ne mai son hujja, sai ya zauna ya yi nazari. Sauran ranaku a miƙe take wayar gari. Juma'a ba ya taɓa ta, da ƙafa yake zuwa masallaci, saboda haka ya wanke Juma'a daga zargi. Saura Alhamis, ranar da yake kai goggonsa asibiti awon hawan jini. Goggon nan ita ta raine shi, Allah kuma ya hore mata jiki, kuma a baya take zama, gefen hagu. Ya fara da dabara. Ya mayar da ita dama, wai can ya fi iska. Motar ta sake gurfana ta hagu, ya ce ai ciwon ya riga ya shige ta. Ya koma aika mata ɗan adaidaita. Da ta matsa masa da tambaya, ya durƙusa cikin ladabi ya ce, "Goggo, ba wani abu ba ne, kilo nawa likita ya ce kin kai?" Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Da nake goya ka ban tambayi naka ba." Daga ranar ta daina ɗaukar wayarsa, in ya je gidan jikoki su ce tana barci.

Motar kuwa ba ta fasa gurfanarta ba. Sai a wata na biyu ya kai wa bakanike. Bakaniken ya auna tsayin kowace kusurwa daga ƙasa, ya ajiye ta kwana biyu ba wanda ya tayar, ya sake aunawa. Sannan ya kunna inji, jakunkunan suka cika, ya kaɗa ruwan sabulu ya watsa wa ta hagu. Nan take kumfa ta fara tasowa daga wata 'yar tsaga a lanƙwasar robar. Shekaru ne suka cinye ta, iska na sulalewa a hankali. Kwana ɗaya ba ya nunawa, famfo ya rufa mata asiri da safe, amma kwana biyu ba tuƙi sai ta zauna. Bakaniken ya ce, "Malam, ko kaza ke zama a nan haka za ta yi." Aka sauya jakar kafin la'asar.

Gyaran goggo ne ya ɗauki lokaci. Sau uku yana rubuta mata wasiƙa. Ta farko har da zanen jakar da kibiyoyi, ya yage. Ta biyu ta fara da "bisa binciken da aka gudanar", ita ma ya yage. Ta uku layi huɗu ce, babu maganar mota a ciki. Ya manna mata kan sarki ya jefa a gidan waya, alhali gidan goggon layi uku ne daga nasa.

Hausawa sun daɗe da sanin irin wannan: an bar jaki, ana dukan taiki.