Ƙiftawar Shugaba

"Ni fa ban ga komai ba," in ji Shugaban cibiyar bincike, yana gyara zama a ɗaya daga cikin kujerun da aka jera wa baƙi.

Injiniya ta ƙarar da ƙuruciyarta kan injin nan mai harba lantarki cikin kwalbar iska, ya haifi 'yar walƙiyar da masana ke kira filasma. Burinta kullum harbin ya ƙara sauri, yau kuwa ya yi saurin da ido ya kasa kama shi.

"Ranka ya daɗe, ƙiftawa ka yi. Ga shi allon na'ura ya nuna."

"Allo ne shugabanki? In ban gani da idona ba, gobe ɗakin nan ya koma ma'ajiyar kujeru."

Direbansa ya zagayo ya bankare masa fatar ido da yatsu, hawaye na zuba, aka sake harbawa. Nan ma bai ga komai ba.

Ta dubi injin yadda uwa ke duban ɗan da za a yi wa kaciya, sannan ta murɗa maɓalli har ya haye jan layi. Ɗakin ya ɗauki ƙara, wayoyi suka kama da wuta.

Shugaba ya rarrafo daga ƙarƙashin tebur, gira a babbake, yana tafi.

"Yanzu na ga bincike! 'Yata, ɗakin nan naki ne har abada."

Da hayaƙi ya lafa ta duba ɗakin nata. Babu abin da ya tsira sai kujerun.