Karen Dusuman

Wannan mai keken ma ya ƙi. Ya dubi karyar, ya dubi Pindar, ya ce shi da alwalarsa yake, ya ja kekensa ya yi gaba. Pindar ya tsaya a bakin titin Bulumkutu da igiya a hannu, rana na dukan ƙeyarsa, takaici kamar ya kashe shi.

Sunan karyar Kyauta, kuma ba wata abar nunawa ba ce. Bakinta ya yi furfura, tun da suka gudo Maiduguri ba ta sake kaɗa wa kowa jela ba, baƙo kuwa haƙora kawai take nuna masa. Amma Bulus, ɗan Pindar, shi ne ya raine ta. Ranar da 'yan bindiga suka ƙone ƙauyensu Bulus ya ɓace, 'ya'yan da take shayarwa suka watse, ita kaɗai ta biyo Pindar ta daji. An yi wa Bulus addu'a a coci babu gawa. Burin dattijon ɗaya ne: ya sami kwikwiyo daga cikinta kafin ta mutu, don kada abin da hannun ɗansa ya raina ya ƙare.

Likitar dabbobi, Kaltum, ba ta ɓoye masa ba. Wannan ne karo na ƙarshe da jikin Kyauta zai iya riƙe ciki, saboda haka ba za a yi abin da ka ba. Za a riƙa ɗibar jininta ana auna sinadarin da ke tashi idan ƙwai ya nuna. In ya kai, sai a garzaya da ita wurin namiji, don lokacin ba ya daɗewa.

A baki abin da sauƙi. Yau babu wuta a ɗakin gwaji, gobe janareta babu mai. Layin waya kuma an katse shi a garin, sai Pindar ya tako da ƙafarsa don kawai a ce masa, "Bai kai ba, Baba."

Zaɓen namijin ma sai da ya sha wuya. An nuna masa karnukan Turawa a gidajen manya, masu gashi buzu-buzu, suna haki a inuwa kamar za su shiɗe. Ya ce Allah ya kiyaye. Sai a wata gona a Dusuman ya hango nasa ta tsakanin zana: ja, mai farin ƙirji da dogayen ƙafafu, tsayuwarsa sak irin ta Kyauta a ƙuruciyarta. Nan take Pindar ya ce ko wannan ko babu.

Matsalar ita ce mai karen. Ko sau ɗaya bai taɓa fitowa ba. Matarsa Gumsu ce ke leƙowa, ta durƙusa har ƙasa, ta miƙo ruwa da hannu biyu, ba ta yarda su haɗa ido. Da fari ta ce maigida yana so a zo da karyar ya gani. Aka zo da ita, aka zagaya da ita a gaban ƙofa, maigida yana ciki wai ba ya jin daɗi. Aka ce a dawo. Da aka dawo, saƙon da ya aiko shi ne, ƙafarta ta baya tana damunta in an yi sanyi? Pindar ya yarda mutumin ya san kare, amma bai san darajar mutane ba. Ladabin matar ma ya fara ba shi haushi, don a ganinsa duk salon ja masa rai ne.

Da safen nan Kaltum ta tare shi tun daga bakin ƙofa. "Baba, jini ya kai. Yau ne. In aka wuce gobe, sai haƙuri."

Daga ƙarshe wata akori-kura mai ɗaukar itace ta yarda ta ɗauke su a baya. A kowane shingen sojoji sai an sauka an wuce da hannu a sama, shi kuwa ga igiya, ga karya tana gurnani. Kafin su isa Dusuman la'asar ta yi, dokar hana fita na ƙaratowa.

Gumsu ta durƙusa kamar kullum.

"Maigida ya ce a yi haƙuri. Ya ce a nemi wani kare. Wannan ba zai yiwu ba."

"Yau? Yau zai gaya mini?" Pindar ya daka mata tsawa. "Tun farko bakinsa ciwo yake yi? Wane irin mugun mutum kike aure? Ya fito ya faɗa mini da kansa!"

Yana cikin faɗa Kyauta ta ɗaga hanci, ta fizge igiyar, ta kutsa ta gefen matar. Pindar ya san za ta ciji wani. Ya bi ta a guje, ko sallama babu.

A bayan rumbu ya same su. Wani ramammen mutum mai gemu ya tsuguna ya juya masa baya, Kyauta tana lasar wuyansa tana kukan da Pindar bai taɓa jin ta yi a garin nan ba, jelarta kamar za ta tsinke. Jan karen na tsaye a gefe yana kallo.

Mutumin bai juyo ba. Ya yi magana ƙasa-ƙasa da yaren ƙauyensu, muryar kuwa ta Bulus ce.

"Ba zan iya haɗa su ba, Baba. Ɗanta ne, shi ne a hannuna ranar da suka tafi da ni."