Jan Ɗigo a Gonar Maikuɗi

Da babbar riga Alhaji Maikuɗi ya shiga gona ranar, har da turare. Taɓo yana kama masa takalmi, shi kuwa yana ta gyara hula, wai kada kwamfuta ta ɗauke shi a hargitse.

Wani kamfanin tumatirin gwangwani ne ya turo ma'aikaci wajen manoman rani na Bunkure. Kafin leburorinsu su zo ɗiban kaya, sai an zana kowace gona a kwamfuta: inda ta fara, inda ta ƙare, da duk abin da zai iya ji wa mutum ciwo a cikinta. Tunda Maikuɗi ya ji haka ya kasa zaune ya kasa tsaye. A ganinsa, abin da kwamfuta ta rubuta ko alƙali bai isa ya goge ba.

Akwai dalili. Rabin gonar da yake tinƙaho da ita ta marigayi Malam Sada ce. Da Sada ya rasu, matarsa ta koma wajen danginta can Kaduna da ɗansu ƙarami, Fatihu. Sai gambar da ke iyaka ta fara tafiya. Bana ta matsa kaɗan, baɗi ta ƙara, har aka wayi gari ko tushenta babu. Kowa ya gani. Kowa kuma yana aron injin ban-ruwan Alhaji.

Ma'aikacin saurayi ne siriri, mai ɗan ɗingishi, da 'yar na'ura kamar wayar hannu da kwamfuta a jaka. Ya ce ba zai auna ba sai Mai Unguwa Maharazu da maƙwabtan gona suna tsaye. Da tsohon ya iso, saurayin ya durƙusa ya daɗe yana gaisuwa. Maikuɗi ya taɓe baki. Ko sunansa bai tambaya ba, Injiniya kawai yake ce masa.

"Duk Kano a rasa wanda za a turo sai mai ƙafa ɗaya da rabi," ya raɗa wa na kusa da shi. Aka yi masa dariyar da aka saba yi masa.

Aka fara zagaye. Maikuɗi ne a gaba, yana nuna iyaka da sanda kamar shi ya halicci ƙasar. Daga bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani, zuwa tsamiya, daga tsamiya zuwa hanyar shanu, duk nasa ne, gado tun kaka da kakanni. Injiniya bai musa ba. Yana danna na'ura, yana bi. A gindin tsamiyar ya ɗan tsaya ya dafa ta, Maikuɗi ya ce ƙafar ce ta gaji.

Sannan aka zo kan haɗari. Gadar katakon da ke kan kanal ta sami jan ɗigo a kwamfuta. Galan-galan ɗin maganin feshi da aka jibge kusa da randar shan ruwa ma haka. Maikuɗi yana murna, ya ɗauka yawan ɗigo yawan daraja ne.

Suna ratsa fangalin albasa, Injiniya ya yi kwana ya kewaye wani tarin kara, idonsa na kan na'ura. Ya tsaya daga gefe, ya sa a ɗaga karan. Ƙarƙashi wani ruɓaɓɓen kwanon rufi ne, ƙarƙashin kwanon kuma tsohuwar rijiya, tun ta kafin ruwan kanal ya zo.

Ya buɗe kwamfuta a kan gwiwarsa ya yi bayani a hankali. Wannan babban ja ne. Mai gonar da rijiyar take ciki shi zai cike ta da kansa kafin a sayi tumatirinsa ko ɗaya. In kuma lebura ya faɗa, shi za a kama.

Fuskar Alhaji ta canza. Mutumin da ko ƙosai ya saya sai ya nemi gyara, shi za a ce ya yi hayar motocin ƙasa? Ya dubi rijiya, ya dubi mutane. Sai dabara ta faɗo masa, har ya yi murmushi. Mamaci ai ba a kama shi. Magaji kuwa ya ɓace. A rubuta wajen da sunan Sada, ja ya hau kan Sada, shi ya ci gaba da nomansa yadda ya saba.

"Injiniya, tsaya! Mantuwa na yi. Nan ba nawa ba ne. Daga tsamiya har kanal gonar marigayi Sada ce, riƙo kawai nake yi saboda Allah."

"Alhaji, kun tabbata? Ɗazu kun ce gado ne."

"Kai yaro, ni zan faɗa maka ƙasar nan ko kai? Ga Mai Unguwa, ga jama'a, su shaida! A rijiyar nan ma ɗan Sadan ya karye yana ƙarami. Ni ko taku ɗaya ba ni da shi a nan."

Maƙwabta suka ce sun shaida, da ƙarfin da su kansu ya ba su mamaki. Injiniya ya ja layin iyaka ya mayar da shi inda gamba take a da, bai tambayi kowa wurin ba. Maikuɗi ya karkaɗe rigarsa, yana jin duk Kura da Bunkure babu mai wayonsa.

Mai Unguwa ne ya yi ajiyar zuciya. "To wa zai cike ta? Yaron nan Fatihu, ko yana raye ma ba mu sani ba."

Saurayin ya rufe kwamfuta. Ya naɗe ƙafar wandonsa har gwiwa, wani tsohon tabo ya bayyana a ƙwaurinsa.

"Ni zan cike ta, Baba Maharazu. Ai ku kuka ciro ni daga cikinta da igiyar guga."