Ƙaguwa a Watan Saɓa

Doña Ermelinda na cikin ɓare ɗanyar ayaba sai wani baƙo ya tsayar da farar motarsa a ƙofar ɗan gidan abincinta. Watan saɓa ne, Agusta ko Satumba, na manta wanne. Lokacin ne ƙaguwa ke zubar da tsohon ɓawonta, hukuma ta hana kamu, ta hana sayarwa, wanda duk aka samu da ita a tukunya sai a rufe masa shago.

Daga jin harshensa mutumin kan duwatsu ne, daga wajen Quito, babban birnin ƙasar. Ya ce sunansa Aníbal Toapanta. Bai ko zauna ba ya miƙo mata waya. Wani wasa ne 'yarsa ta sa masa, in ji shi: kana bin garuruwan bakin teku, kowane gari sai ka dafa abincinsa kafin a buɗe maka na gaba. Wasan ya shiga ransa har ya ɗauki hanya, ya ce sai ya ci kowane abinci a garinsa na gaskiya. Ya sha romon kifi da rogo, ya ci jatan lande a miyar kwakwa. Saura na wannan garin kaɗai: ƙoƙon ƙaguwa da aka cusa wa namanta da ayaba da gyaɗa.

"Yallaɓai, ai ka zo a mugun wata," in ji ta.

"Na sani, Mama. Amma a garuruwan da na wuce, in mutum ya iya roƙo akan ɗan buɗe firjin baya. Gobe zan koma, yarinyar nan hoto take jira."

Yana maganar yana kallon tebur. Ta ɗauka kunyar roƙo ce, sai tausayinsa ya kama ta.

A bayan gida mijinta Fulgencio na kwance cikin ragar lilo. Kamun ƙaguwa cikin laka ne sana'arsa, saboda haka watan nan barci ne aikinsa.

"Maƙwabci na da su a ɓoye," ya ce. "In je in karɓo?"

"Kwanta abinka, tsohon rago. Ƙaguwar saɓa ɓata ciki take. So kake ya mutu mini a hanya?"

"To ki ce masa babu."

Nan fa ɗaya. A gidan uwarta ba a taɓa cewa baƙo babu ba, a nata gidan ma haka.

Fulgencio ya yi dariya. "Mutumin dutse ne fa. Wanda ya tashi kan dankali da masara ina ya san ƙaguwa? Ki dafa masa takalmina da gyaɗa ma zai nemi ƙari."

Ta harare shi, amma idonta ya riga ya sauka kan kwandon tsofaffin ƙoƙunan ƙaguwa da ta wanke ta ajiye tun kafin hani. Akwai farin kifi na safe. Ta dafa shi, ta zare ƙaya, ta tsittsinka shi sili-sili, ta soya da albasa da ayaba da gyaɗa, ta cusa a ƙoƙo. Tun da take girki ba ta taɓa ba mutum abu ta kira shi da sunan wani ba. Ta kai masa farantin.

Ya ɗauki hoto ta sama, ya ɗauka ta gefe, har da allon sunan shagon. Ya ci a hankali, ba fara'a.

"Mama, ban taɓa cin irin wannan ba. Wa ya kamo?"

"Mijina," ta ce, don ƙarya ba ta tafiya ita kaɗai.

"Ya sunansa?"

Ta faɗa. Ya tambayi ranar kamun da mashigin ruwan da aka kamo, ta ƙirƙiro. Kowace amsa sai ta ji kamar ta haɗiyi ƙaya. Ga bawan Allah ya taso daga nesa saboda 'yarsa, zai koma ya nuna mata hoton kifi ya ce ƙaguwar garinsu ce. Ya ƙulle ragowar a leda, ya yi godiya ba tare da ya ɗago ido ba, ya nufi mota kafaɗunsa a sauke. Ta ce a ranta ko cikinsa ya fara gaya masa abin da bakinsa bai gane ba.

Yana buɗe bayan motar ta kasa daurewa. Ta suri kwanon ƙayoyin ta bi shi da gudu.

"Yallaɓai, ka yafe mini don Allah. Ba ƙaguwa ka ci ba. Kifi ne, ga ƙayarsa. Ƙoƙon ma tsoho ne. Mijina kuwa tun da wata ya kama bai taka laka ba, je ka gan shi a raga. Na cuce ka, na cuci yarinyar."

Ya kwance ledar, ya murza naman tsakanin yatsu, ya dubi ƙayoyin, ya daɗe yana dubawa. Sai ya sauke numfashi, ya fashe da dariya har da share ido. Sai a lokacin ya kalle ta sosai.

"Allah ya yi miki albarka, Mama. Duk tafiyar nan ke kaɗai kika cuce ni."

Ba ta gane ba sai da ya ɗaga hannu zai rufe bayan motar. A ciki ta hango rigar aikin sufeton hukumar kamun kifi a ninke, a kanta kuma sarƙa da sabon kwaɗo, wanda ya zo ɗauka don ya garƙame mata shago.