Shanun Don Meliton Sun Yi Ƙiba

Ƙarfe biyu na rana Don Meliton ya zare sakatar garkensa, ya juya baya, ya kama duban sama kamar mai neman hadari. Shanu goma sha ɗaya suka wuce ta bayansa ɗaya bayan ɗaya. In an tambaye shi, shi dai bai ga komai ba.

Shekara biyu ke nan ruwa bai yi abin kirki ba a ƙauyen Palmillas. Masara ta ƙone, wake ya bi ta. Shi ya sa mutanen ƙauye suka haɗa kai suka kafa ƙungiya, suka dasa nopal, tsiron nan mai faffaɗan ganye da ƙaya, wanda fari bai dame shi ba. Wai za a daddatsa shi a zuba a tanki, ya ruɓe ya ba da gas, gas ɗin ya juya injin niƙa, ya kuma hura murhun gasa tortiya, wato wainar masara.

A taron ƙauye, shugaban ƙungiya Otilio, wanda ya riƙe wa Meliton 'ya ranar baftisma, ya ce tanki ba ya tashi sai da kashin shanu. Duk garin kuwa an sayar da shanu, saura na mutum ɗaya.

"Kompadre, ɗan kashin nan fa?" in ji Otilio, don haka waɗanda baftisma ta haɗa suke kiran juna.

"Ko cikin cokali!" in ji Meliton. "Da tusar ƙaya za ku dafa abinci? Ranar da kuka ga ƙafata a gonar nan, ku aske mini gashin baki."

Gashin bakin nan kuwa shekara arba'in yana murza shi. Aka yi dariya, amma ba wanda ya manta.

Sai dai cika baki ba ya cika cikin saniya. Nopal ɗin daji da yake babbake wa shanunsa a kan tudu ya ƙare kaf. Har bututun wutar da yake ƙone ƙayar da shi ya zama ba amfani, matarsa Doña Eduviges ta ce ta ara wa ƙanwarta. Shanu suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Meliton ya ji tsoro sosai, don ban da su ba shi da komai a duniya.

Ran nan da tsakar rana sai ga rurin wuta daga gonar ƙungiya, can bayan kwari. Saniyar da ta tashi a ƙasar nan ta san wannan ƙara: an ƙone ƙaya, abinci ya samu. Duk suka ɗaga kai, suka yi dafifi a bakin ƙofa.

Meliton ya yi lissafinsa. Wawayen suna babbake ƙaya kafin su daddatsa, sannan su tafi cin abinci su bar tsibin ba mai gadi. Ya zare sakata.

Da la'asar shanu suka dawo da kansu, ciki tim.

Haka aka yi ta yi har wata uku. Gibin da ke shingen gonar ba wanda ya toshe, abin da ya ƙara tabbatar masa cewa 'yan ƙungiya ba su da kai. Gida ma ba mai sa masa ido, don Eduviges na rufe masa abincinsa ta tafi jinyar ƙanwarta, ta dawo ido jajur. Tausayinta yakan kama shi, amma bai taɓa hana ta ba. Sharar garke ma ta yi masa sauƙi.

Ranar Lahadi in an tashi daga coci yakan tare Otilio.

"Kompadre, yaya ƙayarku? Ba ta raguwa?"

"Muna dai lallaɓawa," in ji Otilio, yana sosa ƙeya. "Kai kam shanunka sai sheƙi."

"Iya kiwo ne."

Wata Talata la'asar ta yi, shanu ba su dawo ba. Rana ta karkata, shiru. Meliton ya san dokar ƙauye: dabbar da aka kama tana ɓarna, tsare ta ake yi sai an zauna taro, taro kuwa yana iya sayar da ita. Ya shafa gashin bakinsa, ya dubi garke wayam. Ya ɗauki hula.

A hanya ya shirya ƙarya uku, ya zaɓi wadda ta fi kyau: iska ce ta buɗe ƙofa.

Ya sunkuya ya shiga ta gibin shinge. Ga shanunsa nan reras ƙarƙashin rumfa, kowacce da kwamin abincinta. Ƙasan wurin siminti ne, an yi masa gangare, da ɗan lambatu da ya miƙe har bakin tanki. Yana tsaye wata ta ɗaga wutsiya, abin ya bi lambatu ya tafi abinsa. Can gefe injin niƙa na ta ƙugi, rabin garin na zaune ana cin tortiya mai zafi.

"Barka da zuwa, kompadre!" in ji Otilio, yana wasa aska a tafin hannu. "Yau muka kunna injin. Mun ce ba za a ci ba sai da babban mai ba da gudummawa."

Meliton ya buɗe baki, ƙaryar ta maƙale. Sai ya juya ga mai babbakar ƙaya, wanda ke tsaye da bututu a kafaɗa, fuska rufe da ƙyalle saboda hayaƙi.

"Kai ne munafukin da ke kira mini shanu?"

Aka kashe wuta, aka sauke ƙyalle.

"Gobe ka buɗe ƙofar da wuri, tsoho," in ji Doña Eduviges, "ina da wanki."